Mayar da iskar kabon sinadarai masu amfani: a gaya wa mutane inda wutar za ta fito

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana kan wani labari da ke ta yawo a wayoyin mutane, cewa masana a Amurka sun gano yadda ake mayar da hayaƙin masana'antu ya zama man mota, kuma wai nan ba da jimawa ba mai zai yi arha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk labarin da ya ambaci arhar mai sai ya samu masu saurare, kuma ban ga laifin kowa ba, domin kowa na ji a jikinsa. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma a wannan fannin na yi binciken digirina na biyu. Binciken da ake magana a kansa gaskiya ne, yana da kyau, kuma ina cikin masu yi masa fatan alheri. Amma an ba mutane rabin labarin ne, rabin da aka bari kuwa shi ne ya fi shafar mu.

Iskar da ake nufi ita ce kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ke tasowa in an buɗe lemon kwalba. Ba ita ce kabon monoksaid ba, wadda ke kashe iyali in an kwana da janareto a cikin gida. Duk lokacin da aka ƙona itace ko gawayi ko fetur ko gas, kabon ɗin da ke ciki yana haɗuwa da oksijin, zafi ya fita, abin da ya rage shi ne wannan iska. Ke nan ta riga ta ba da ƙarfin da ke cikinta. Wanda yake son ya mayar da ita mai, dole ya zuba mata aƙalla daidai ƙarfin da aka ci lokacin ƙonawar, kuma a aikace sai ya zuba fiye da haka. Wannan doka ce da ba wani ɗakin bincike da ya taɓa tsallake ta, kuma ba wanda ke iƙirarin zai tsallake cikin masanan da suka san aikinsu.

To mene ne aikin katalis, abin da ake ta yabo? Katalis abu ne da ke sa sinadarai su haɗu da sauri, a zafi da matsin da bai kai na da ba, shi kuma ba ya ƙarewa a cikin haɗin. Kamar dillali yake a kara: shi ke kawo mai saniya da mai saye wuri ɗaya, ya daidaita su, ciniki ya faɗa kafin azahar maimakon a wuni ana ja-in-ja, amma ba ya cire ko kwabo daga aljihunsa ya biya kuɗin saniyar. Kuɗin a nan shi ne wutar lantarki, ko iskar haidurojin wadda ita ma da wuta ko da gas ake samar da ita.

Dalilin da ya sa ake niƙe katalis ya koma ƙwayoyin nano lissafi ne mai sauƙi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya yakan kai nanomita 80,000. Haɗuwar sinadarai a saman katalis take faruwa, abin da ke can cikinsa zaman banza yake yi. Ɗauki dunƙulen jan ƙarfe mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe: duk fuskokinsa shida ba su wuce santimita murabba'i 6 ba. In aka yanyanka shi zuwa ƙwayoyi masu faɗin nanomita 10, nauyin bai ƙaru ba, amma fuskar da iska za ta iya taɓawa ta kai mita murabba'i 600. Kuma ba faɗin kaɗai ba ne. A wannan ƙanƙanta, ƙwayoyin zarra da yawa suna zaune ne a baki-baki da kusurwoyi, inda suka fi saurin kama abin da ya zo wucewa, har halin ƙarfen ya canza. Zinariya an san ta da rashin haɗuwa da komai, shi ya sa ba ta tsatsa, amma a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa in aka mayar da ita ƙwayoyi masu ƴan nanomita kaɗan, takan zama katalis mai ƙarfi ko a cikin sanyi.

Wani ɗan Japan ɗin, Yoshio Hori na jami'ar Chiba, shi ya share fagen wannan fanni tun tsakiyar shekarun 1980. Ya bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, yana tsoma su cikin ruwan da aka narka iskar kabon, yana sakar musu wuta, yana auna abin da ya fito. Azurfa da zinariya suka ba da kabon monoksaid, wadda duk da gubarta tubali ce babba a masana'antar sinadarai. Kuza da darma suka ba da asid ɗin fomik. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam suka ƙyale iskar kabon, suka koma fasa ruwa suna fitar da haidurojin. Jan ƙarfe kaɗai ne ya iya kai ta ga methen da etilin, wato har ya iya ɗaura kabon biyu wuri ɗaya. Matsalarsa ita ce ba ya tsayawa kan abu guda. Yakan fitar da sinadarai fiye da goma a cakuɗe, raba su kuma wani kuɗin ne. Tun daga lokacin, yawancin aikin masu nano shi ne neman siffar jan ƙarfen da za ta sa ya riƙa ba da abu ɗaya.

Labarin da ke yawo, asalinsa aikin ɗakin binciken Oak Ridge ne da ke jihar Tennessee, wanda aka wallafa a 2016. Ayarin Adam Rondinone sun shimfiɗa kabon mai ɗauke da naitirojin a siffar ƙananan tsinkaye masu tsini, suka dasa ƙwayoyin jan ƙarfe a jikinsu. Tsinin yana tara ƙarfin lantarki a wuri ɗaya, jan ƙarfen kuma yana ɗaura kabon. Suna tsammanin matakin farko kawai za su gani, sai ga etanol, sinadarin da ake gaurayawa da fetur, ya fito, a cikin ruwa, a zafin ɗaki, kuma kashi 63 cikin ɗari na lantarkin da ya ratsa ya tafi ne wajen yin etanol ɗin. Ga wanda ya san cewa kowace ƙwayar etanol tana bukatar ilektiron 12, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, su iso a jere ba tare da hanya ta karkace ba, wannan abin jinjina ne ƙwarai. A 2020 ɗakin binciken Argonne ya kai fiye da kashi 90 da jan ƙarfen da aka watsa ƙwaya-ƙwaya a kan kabon. Sai dai abin da ake samu a irin waɗannan gwaje-gwaje ɗan kaɗan ne, a kan faranti mai faɗin farce, kuma na wasu awoyi.

Na taɓa haɗa ƙwayoyin jan ƙarfen nan da hannuna, don haka na san inda suke ba da wahala. Za ka narka gishirin jan ƙarfe a ruwa, ruwan ya yi shuɗi tar. Ka ɗora a kan faranti mai zafi yana juyawa, ka riƙa ɗiga masa ruwan bitamin C a hankali. Shuɗin ya koma kore, koren ya yi ruwan ɗorawa, can sai ka ga ya rine ya yi ja mai duhu, alamar ƙarfen ya fito a ƙananan ƙwayoyi. Ranar za ka koma gida da farin ciki. In ba ka rufe kwalbar da kyau ba, washegari ka tarar da ita ta yi baƙi, oksijin ɗin iska ya riga ya cinye saman ƙwayoyin. Ƙanƙantar da ta ba su ƙarfi ita ce kuma rauninsu. A cikin aiki ma haka: ƙwayoyin sukan matso juna su dunƙule, faɗin nan da aka sha wahala a kansa ya ragu, ɗan sulfa kaɗan a cikin hayaƙi yana kashe su, gishirin kabonet yana taruwa ya toshe ƙofofin da iska ke shiga, ruwa kuma ba ya ɗaukar iskar kabon da yawa, wajen giram ɗaya da rabi ne a lita. Mai masana'anta yana son katalis da zai yi shekaru yana aiki dare da rana. Tsakanin awoyin ɗakin bincike da waɗannan shekaru, da sauran rina a kaba.

Akwai hanyar da ta riga ta fita daga ɗakin bincike, ita ce ta methanol, wani ruwan sinadari da ake amfani da shi a masana'antu, ana kuma iya ƙona shi a matsayin mai. Ana haɗa iskar kabon da haidurojin a zafin digiri 200 zuwa 300, a matsi mai tsanani, a bi da su ta kan katalis na jan ƙarfe da tutiya da alminiyam. Kamfanin ICI na Ingila ne ya fito da wannan katalis a shekarun 1960, kuma da aka samu na'urorin hangen da suka iya gani, sai aka tarar jan ƙarfen da ke cikinsa ƙwayoyi ne na ƴan nanomita. A ƙasar Iceland, kamfanin Carbon Recycling International ya gina masana'anta a Svartsengi wadda aka sa wa sunan George Olah, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1994, mai iya yin tan 4,000 na methanol a shekara. A 2022 aka buɗe wata a Anyang da ke lardin Henan na ƙasar Sin da fasahar wannan kamfani, mai iya yin tan 110,000 daga iskar kabon tan 160,000. Amma a duba inda aka gina su. Iceland tana da wutar da take samu daga tururin ƙarƙashin ƙasa da madatsun ruwa, fiye da bukatar mutanenta. A Anyang kuwa haidurojin ɗin rara ne daga gas ɗin da ke fita wajen gasa kwal. Duk inda abin ya tsaya da ƙafarsa, za ka tarar akwai ƙarfi mai arha a gefe.

Ga lissafin da nake so kowane mai karatu ya riƙe. Tan ɗaya na methanol yana cin iskar kabon kimanin tan 1.4 da haidurojin kilo 190. Fitar da kilo ɗaya na haidurojin daga ruwa yana cin wuta fiye da yunit 50, irin yunit ɗin da muke saye a mita. Ke nan tan ɗaya yana cin kusan yunit 10,000. Mu kawo shi kan fetur. Lita ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 9 na wuta. Mu ɗauka Nijeriya na shan lita miliyan 50 a rana, wanda bai yi nisa da alƙaluman da hukuma ke bayarwa ba. Ko da ba a yi asarar komai ba, ana bukatar fiye da megawat 18,000 suna aiki ba tsayawa. Tunda kusan rabin wutar ke salwanta a wajen haɗa man, abin ya doshi megawat 40,000. Wutar da ke ratsa babban layin ƙasar nan kuwa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Mutumin da aka ce masa fetur zai yi arha ta wannan hanya ba a yi masa adalci ba. Kuma ina jin tsoron gobe wani ya fito da akwati mai wayoyi ya ce injin mayar da hayaƙi mai ne, ya karɓe wa bayin Allah kuɗinsu. Ina ƙara da cewa methanol guba ne, yana makantarwa yana kisa. A 2015 mutane da dama sun rasu a jihohin Ondo da Ribas saboda shan abin da ya gauraye da shi. Ba abin haɗawa a bayan gida ba ne.

Batun sauyin yanayi ma yana bukatar a faɗi gaskiya. Duniya na fitar da iskar kabon kimanin tan biliyan 37 a shekara daga mai da gas da kwal da siminti. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa duk abin da ake amfani da shi a masana'antu bai wuce tan miliyan 230 ba. Ko da a ce duk methanol ɗin duniya daga wannan iska ake yin sa, abin da zai ɗauke bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake fitarwa ba. Man da aka yi da ita kuma in aka ƙona shi, iskar sama za ta koma. Amfanin fasahar shi ne ta rage haƙo sabon mai don yin roba da fenti da magani da man jirgin sama, abubuwan da ba a samu madadinsu ba. Wannan amfani ne na gaske. Amma ba zai tsayar da hamada a Yobe ba, ba zai maye gurbin dashen itatuwa ko daina ƙona gas a sararin Neja Delta ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne mun daɗe muna zuba iskar kabon a gonakinmu. Takin yuriya daga amoniya da iskar kabon ake yin sa. Kowane tan ɗaya ya ci kimanin kilo 730 nata, kuma fiye da rabin adadin nan na tan miliyan 230 yuriya ce ke cinye shi. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022, an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme. Manomin masara a Saminaka ko Funtuwa da ke ɗaukar farin buhun nan a kafaɗa, sinadarin da aka yi da iskar kabon yake ɗauke da shi, ko da yake bayan ƴan kwanaki da zubawa iskar takan fice daga ƙasa. Ina kawo wannan ne don a san cewa muna da injiniyoyin da suka saba da kama wannan iska da matsa ta da sarrafa ta. Muna kuma da inda take fita da kauri. Kashi 44 cikin ɗari na nauyin dutsen da ake gasawa a yi siminti iskar kabon ce, kuma dole ta fita ko da wane irin makamashi aka gasa shi. A Obajana da Ashaka da Kalambaina, da Malbaza a Nijar, hayaƙin tanderun yana ɗauke da ita ninki ɗaruruwa fiye da iskar da muke shaƙa, wadda rabonta a ciki bai wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba. Kama ta a bakin bututu ya fi kama ta a sarari sauƙi nesa ba kusa ba.

A ganina, in za mu sa hannu, kada mu fara da mai. Mu fara da asid ɗin fomik. Ilektiron 2 kawai yake bukata maimakon 6 na methanol, don haka a lissafina wutar da tan ɗaya zai ci kusan rabin ta methanol ce. Katalis ɗinsa kuza ne, ba zinariya ko filatinam ba, kuma tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a Jos. Sannan muna da masu saye a gida: masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna amfani da wannan asid wajen shirya fata kafin jima da kuma kama rini, ana kuma sa shi wajen adana abincin dabbobi. Aikin lantarki ne da za a iya kunnawa da hantsi a kashe da yamma, wato ya dace da farantan sola, rana kuwa Allah ya hore mana ita. Ba na cewa gobe zai fi wanda ake shigowa da shi arha. Ko a Turai da Amurka har yanzu gwaji ake yi. Amma aiki ne da ya yi daidai da ƙarfin ɗalibin digiri na uku a Zariya ko Kano ko Sakkwato, kuma akwai mai jiran sakamakonsa a unguwa ta gaba. A Zariya kaɗai akwai cibiyar NARICT ta binciken fasahar sinadarai a Basawa, da NILEST ta fata a Samaru, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna haɗa wani katalis da ake kira ziyolait daga farar ƙasar Kankara don aikin matatar mai. Ilimin katalis ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin da ke karya mana gwiwa kayan aunawa ne. Wanda ya haɗa ƙwayoyin nano ba zai iya ganinsu da madubin ɗakin karatu ba, sai da na'urar hange mai aiki da ilektiron. Ni sai da na kunshe hodar da na yi a ƙaramar kwalba, na ba wani da zai fita waje, na biya daga albashina, na yi ta jira. Da hotunan suka dawo, ƙwayoyin sun riga sun yi tsatsa a hanya, abin da aka ɗauka ba shi ne abin da na haɗa ba. Haka nan iskar da ta fito daga gwaji, in ba a auna ta nan take da na'urar tantance gas ba, ba wanda zai iya cewa ga abin da aka samu. Ɗalibai nawa ne masu kaifin basira suka rubuta kundi a kan katalis ɗin da ba su taɓa ganin siffarsa ba? Wannan yana ci mini rai matuƙa, domin na zauna da su, na ga yadda suke kwana a ɗakin gwaji suna jiran a kawo wuta.

Roƙona ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da PTDF, asusun raya fasahar man fetur, da gwamnatocin jihohinmu shi ne a kafa ko da cibiya ɗaya ce a Arewa mai waɗannan na'urori, da wutar sola ta kanta, da ma'aikacin da aka horar, da kuɗin gyara da aka ware tun farko, a kuma buɗe ta ga ɗalibin kowace jami'a a kan farashin da zai iya biya. Kamfanonin siminti da na taki su ba ɗalibai izinin ɗibar hayaƙinsu na ainihi su yi gwaji da shi, domin katalis ɗin da ya yi aiki da iska mai tsabta ta cikin silinda yakan mutu in ya haɗu da ta bututu.

Ku kuma, ya Edita, ina roƙon duk lokacin da irin wannan labari ya iso teburinku, wakilinku ya nemi amsar abu uku kafin a buga: yunit nawa na wuta aka ci a kan kowane kilo, daga ina wutar ta fito, kuma awa nawa katalis ɗin ya yi yana aiki kafin ya lalace. Amsoshin suna nan a cikin takardun binciken, kuma a kowane sashen kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu akwai malamin da zai karanta wa wakilinku su cikin Hausa in aka ɗaga waya aka kira shi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Malamin kimiyyar sinadarai,
Zariya, Jihar Kaduna.